Taru a Cikin Jini

Ƙarfe uku na dare a asibitin Porto,
hawa na biyar, gado na bakwai.
Ruwan sama na bugun taga tun magariba,
ni kuwa ina ƙirga ɗigon da ke sauka
daga bututun ƙirjinta zuwa kwalba,
sannu a hankali, ja wur: jini.

Uwata Ermelinda, shekara arba'in da ɗaya
tana ɗinkin taru a gaɓar Afurada.
In teku ya yaga, ita ke ƙullewa.
Yatsunta sun lanƙwashe kamar ƙugiya,
ko barci take, suna jan zare, na sha gani.

Jiya aka buɗe ƙirjin, aka sauya ƙyauren zuciya.
Likita Sequeira ya fito da hularsa a hannu,
ya ce, "Jininta ya gaji sana'arta.
Da ya ji wuƙa sai ya hau saƙa,
ƙulli bisa ƙulli, har inda babu yaga.
Mun zuba hefarin, mun ƙara, mun sake,
ko gezau."
Ban gane ba. Na nemi bayani.

Ya ce hefarin mai tsawa ne kawai,
ba shi da hannu.
Mai hannun daban ne, antitirombin,
shi ke riƙe masaƙi ya ce masa ya isa.
Nata ya ƙare, ɗurin kwana shida ya cinye shi.
Tsawa kuwa a gidan da ba kowa
ba ta zama magani.

Sai aka kawo 'yar kwalba, ba ta kai babban yatsa ba,
farin gari a ciki, aka dama da ruwa.
An tace shi, in ji shi, daga jinin dubban mutane,
direban tasi, ɗaliba, mai gasa kifi, wa ya sani?
Matar da ba ta taɓa aron gishiri a maƙwabta ba,
yau ga ta kwance da bashin birni guda,
ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba,
balle ta ce na gode wa wani.

Yanzu tsoron biyu ne.
In ya tsinke, kwalba ta cika.
In ya daskare, gudan da bai kai ƙwayar shinkafa ba
ya isa ya toshe hanyar da sunana ke bi zuwa bakinta.
Nas Ondina na zuwa duk awa, ta ɗiba, ta rubuta,
ta rage kaɗan, ta ƙara kaɗan,
kamar mai awon zinariya a mizani.

Wajen asuba yatsun suka motsa.
Suka laluba gefen bargo, suka sami zaren da ya warware,
suka naɗe, suka ja, suka ƙulle.
Na ce, "Mama, bari."
Ondina ta ce, "Ƙyale ta. Wannan ƙullin a waje yake."
Ta duba kwalba, ta ja layi da alƙalami,
ta kashe fitila ɗaya.
Saura mu ga yini.