Wutar Masu Gadi

Shekara talatin da huɗu
Baba Sallau yana bakin get a Ikoyi.
Kukan inji kawai zai ji daga kwana
ya ce, "Ta lauya ce, har yau bai gyara salansa ba."
Karen kowane gida ya san shi da suna.

Yau da safe, a ɗakinmu na Agege,
na miƙa masa koko.
Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya,
ya ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"
Na ce, "Gidanka. Asabe."
Ya ce, "Suna mai daɗi."

A asibitin Idi-Araba
Dakta Folarin ta zana mini a bayan takardar magani.
Ta ce jiki ma da masu gadinsa.
In ɓarawo ya hauro, rauni ko ƙwayar cuta,
sai su hura wuta, ita ce kumburi.
Ɓarawo ya tsere, a yayyafa ruwa, a kwanta.

Sai dai umarnin wutar a rubuce yake
cikin ƙwayoyin halittar da muka gada,
kuma ba kowa aka rubuta wa iri ɗaya ba.
Harafi guda ya sha bamban,
sai masu gadin wani
gari ya waye ba su kashe ba.
Garwashi na ci a ɓoye, shekara da shekaru,
hayaƙi kan iya bin lungu
har ɗakin da ake ajiye sunaye.

Na ce, "To ni ma ke nan?"
Ta ajiye biro.
"Ban ce ba. Hadari ba ruwa ba ne.
Wani na da harafin, ya kai casa'in garau,
wani ba shi da shi, ya manta hanyar gida.
Muna kan ƙirga, kuma jinin mutanenmu
kaɗan ne cikin lissafin."

Na tuna Gwaggo Lantana, ciki ɗaya da Baba,
ta ba shi shekara shida,
amma wanda ya ci mata bashin goro tun zamanin sule
har gobe tana kiran sunan ubansa.

Na naɗe hannun riga.
Kwalba biyu ƙanana,
lamba a jikinsu, babu suna.

A Oshodi danfo ya tsaya cak, ruwa na dukan rufi.
Ina kallon audugar da ke gwiwar hannuna,
ina tambayar nawa masu gadin:
kun yi barci, ko kuna ƙara itace?

Sha ɗaya saura na iso.
An ɗauke wuta, janareto na tari a maƙwabta.
Yana kan benci bakin ƙofa
da tsohuwar tocila a cinya, ba batir.
Bai ɗago ba.
Ya ce, "Wannan takun na san shi,"
ya miƙe a hankali,
ya buɗe mini.