Abin da Baba Ya Bari a Gindin Katanga

Baba ya rasu cikin Janairu,
kunkurunsa na barci, bai sani ba.
Muka raba kayan gidan nan na Tucson:
Ramiro ya ɗau mota da akwatin sukudireba,
ni aka miƙo min littafi mai tabon maiƙo,
aka nuna min rami a gindin katanga.
"Yana ciki," in ji Ramiro. "Sai Maris."

Rubutun Baba ne, a karkace kamar tafiyarsa:
Ban da latas, ruwa ne zalla, ba ya riƙe ciki.
Ban da abincin kare.
Ban da ayaba, ko ya tsare ki da ido.
Ciyawa, ganyen inabi, furen da ya faɗo don kansa,
kunnen murtsunguwa ɗanye, a kankare ƙayar.
Can ƙasa, da jan biro:
Noemí, kada ki sure shi babu dalili,
tsoro kan sa ya zubar da ruwan
da ya yi wata da watanni yana tanadi.
Sunana ne a wurin, shekara tara da rubutawa,
lokacin ko gaisuwar kirki ba ma yi.

Ran sha ɗaya ga Maris na dawo daga aikin dare,
ƙafafuna sun kumbura, ina warin asibiti,
sai ga Sargento a bakin rami,
ƙasa a bayansa, ido ɗaya a manne.
Ya sha rana har hantsi ya dubi ludayi,
sannan ya kama hanya, tinƙis-tinƙis,
har ƙofar kicin, inda takalman Baba kan kwana.
Ya tsaya.
Na tsaya.
Ban san yadda ake yi wa kunkuru ta'aziyya ba.
Na zuba ruwa a faranti, iya haɓarsa,
ya tsoma hanci, ya daɗe bai ɗago ba.

Laba tara da ɗoriya a sikelin fulawa.
Na rubuta a ƙarƙashin awon bara,
hannuna kusa da hannun Baba.

Hortensia ta leƙo ta katanga da kankana a kwano,
na ce an gode, ba ya ci.
Ta ce, "Bakin ubanki sak."
Na ji haushi. Da dare na yi dariya ni kaɗai.

A Yuli hadari ya taso daga duwatsun kudu,
ƙasa ta yi ƙamshi tun kafin ɗigon fari.
Na iske shi ya riga ni sani,
ya kafa ƙafa huɗu a kwarin da ruwa kan taru,
yana jira, bai ko ɗaga kai ba.

Da Oktoba ya juya wa fure baya.
Kwana uku, kwana biyar. Hankalina ya tashi.
Shafi na ashirin ya ce: Ƙyale shi, ciki yake sharewa,
ba a shiga dogon barci da guzuri a hanji.

Likitan dabbobi ta shafa bayansa da ya sule,
ta ce zai kai sittin, yana iya ƙara talatin.
Ni hamsin da biyu gare ni, ga hawan jini.

Jiya ya shige. Na tura busasshiyar ciyawa bakin ramin,
na zauna a kujerar Baba, na buɗe sabon shafi,
na nemo jan biro a aljihun tebur.
Itzel, ɗiyar Ramiro, bana ta shiga aji uku.
Na fara da latas.