Telan Bakin Bariki

Shekara arba'in da ɗaya ina taka keke
a rumfar kwano, bakin barikin Shadawanka.
Ban taɓa saɓa bindiga ba,
amma da wuya a sami muƙamin
da bai bi ta ƙarƙashin allurata ba.

Kurtu kan zo da wandon da ya fi ƙarfinsa,
kai a aske ƙwal, wuya kamar na zalɓe.
In rage ƙugu, in ce ya dawo bayan la'asar.
Igiya ɗaya aikin minti biyar ce.
Ta biyu, kofur ya fara amsa gaisuwa da ka.
Ta uku kuwa, saje da kansa ke tsayuwa a kaina
kada ta karkace.
Mai anini ba ya zuwa.
Yaronsa yake aikowa,
riga a ninke cikin tsohuwar jarida.

Ubana ya yi wa mazan Bama ɗinki.
Ya ce a zamaninsu gajeren wando ne da jar dara,
umarni na Bature, ƙafa tamu.
Da aka sauya tuta
kwana uku bai runtsa ba,
yana cire tsofaffin maɓallai yana dasa sababbi.
Tsofaffin na nan cikin gwangwanin madara.
Jikokina ke yin dara da su.

Samanja Bappayo, mutumin Dukku,
muryarsa na yanka filin fareti kamar almakashi.
Bai taɓa sa loma ba sai yaransa sun ƙoshi.
Wata rana ya juya rigarsa ciki ya koma waje,
ya ce, "Tela, duba.
Janar wuyan riga ne, kowa shi yake gani.
Mu ne wannan ɗinkin na ciki.
In ya saki, hannu ya rabu da jiki."

Sau nawa muka wayi gari da badujala a rediyo?
A rufe ƙofa, kasuwa ta watse, shayi ya huce a tukunya.
Bayan mako sai aiki ya yi mini yawa:
wasu kafaɗu sun yi nauyi dare ɗaya,
wasu sunaye kuma a daina kiransu da ƙarfi.
Ni dai zare nake saya.

Farkewa ta fi ɗinki wuya.
Kofur Istifanus na Bogoro ya zo da magariba
don kada a gan shi,
ya miƙo hannun riga, ya kau da kai.
Na bi da reza a hankali, na cire ɗaya.
Gurbin ya fito kore shar,
inda rana ba ta taɓa ba shekara shida.
Guga bai ɓoye shi ba.

Akwai wata riga a kan ƙusa, can lungu.
Gidado ne ya kawo, yana dariya har da ƙyaƙyatawa,
igiyarsa ta fari.
Ya ba da rabin kuɗi, saura sai Juma'a.
Daren Laraba motocin bataliya suka yi gabas.
Na ji wucewarsu ina kwance, ban ƙirga ba.

Damina bakwai ina kakkaɓe mata ƙura.

Bara wata tsohuwa ta sauko daga motar Alkaleri
tana tambayar rumfar tela.
Ta kwance bakin zane, ta ce nawa ne cikon?
Na ce ya biya.
Ta ɗaga rigar, ta auna hannun da kamu,
ɗaya, biyu, uku, har da ɗoriya.
Ta ce, "Ashe ya yi tsawo haka?"

Ta manta ledarta a kan benci.
Na koma keke, zaren ya tsinke.
Sau uku ina neman kafar allura.