Tagar Baba

Tabon ya fara ne kamar kwabo,
a kusurwar hagu ta tagar da Baba ya huda a rufi
shekarar da idonsa ya soma gajiya
da leƙen cikin agogon mutane.
Ya ce a Gangare hasken gefe maƙwabta sun cinye,
na sama ne kaɗai bai da mai tarewa.

Kafin malka ta raba tsakiya
kwabo ya zama faifai,
launin shayin da ya kwana a kofi,
zobe bayan zobe,
kowane dare da nasa.
Na janye keken ɗinkina daga inda teburinsa yake,
na ajiye roba, ina jin ta tana ƙirgawa.

Sabitu ya aiko murya daga Legas:
a toshe tagar nan, Yaya, a huta.
Wani ya zo da gwangwanin kwalta,
ya shafe bakinta baƙi ƙirin kamar kwalli,
ya karɓi dubu huɗu.
Kwana uku ta yi tana riƙewa.

Dalyop ya zo ran Laraba daga Bukuru,
ya jingine tsani, bai hau ba.
Ya ce, ana ruwan take ɗiga, ko sai an ɗauke?
Iskar gabas ce ko ta wajen Naraguta?
Da asuba gilashin na yin gumi?
A nan kike guga? A nan kike dafa shayi?
Na ce, kafinta na kira ko likita?
Ya taɓa silin da bayan hannu,
ya shinshina yatsa,
ya zaro alli ya yi wa tabon kewayewa.

Sai ya ce in cika masa buta.
Daga ƙasa ake farawa, in ji shi,
in ka zuba daga sama kowa ya jiƙe,
ba ka gane ɓarawo a cikin taron kasuwa.

Ni a ciki da tocila, wuya a sama.
Ƙarƙashin taga. Babu!
Gefen dama. Babu!
Gefen hagu, goshinta. Babu, Dalyop, babu!
Buta ta biyar ya kai ta can sama,
taƙi bakwai daga gilashin,
ya ce in yi haƙuri.
Na tsaya kamar tsawon saka zare a allura sau uku,
sai ga ɗigo ɗaya
yana bin cikin katako kamar tururuwa,
bai yi sauri ba, ya san hanya,
ya zo kusurwar hagu ya tsaya yana rawa.

Ƙusa ce.
Robar wuyanta ta ƙone da rana,
ƙanƙarar bara ta ƙarasa ta,
ramin bai kai ƙwayar dawa ba.
Ya ce, tsohon nan ya iya aiki,
tagarsa ko allura ba ta wucewa,
a nan dai ruwa yake gajiya da tafiya
shi ya sa ita ake tuhuma da kowa.

Wancan baƙin na dama kuwa, naki ne.
Tururin guga, tururin shayi, numfashinki,
su hau su tarar da sanyin Jos kwance a gilashi.
Ki riƙa buɗe ƙofa ko da kina rawar ɗari.
Ban so jin wannan ba.
Na fi son laifin ya zama na sama, ba na mai kunnawa.

Kwaltar dubu huɗu ya ɗau awa biyu yana kankarewa.
Ƙusar, minti uku.

Na jefa ta a gwangwanin Baba,
cikin ƙananan noti da hannayen agogon
da masu su ba su dawo karɓa ba.
Allin yana nan, ban goge ba.
Jiya an kwana ana tsugawa.
Da safe na hau kujera da tocila:
tabon bai taka layi ba,
gefensa ya soma fari,
amma tsakiyar, in na danna, da sauran bushewa.