Labulen Tsakiyar Ɗaki

Ɗakinmu na Agege taku tara ne
daga ƙofa zuwa taga, in ba ka buɗa ƙafa ba.
Mu biyar ne a ciki, na shida mataccen firiji
da muke adana takardun makaranta a cikinsa.

Ran da Hansai ta fara juya wa ɗakin baya in za ta sa riga,
tana aiken ƙannenta su leƙo ko jirgin ƙasa ya wuce,
ban ce komai ba.
Na kwance igiyar shanya, na auna bango da bango.

Mai yadi ya faɗi kuɗi, na ce Allah ya ba da kasuwa.
Na biya shagon Malam Nomau,
na durƙusa gindin kekensa
ina tsintar abin da almakashi ya tofar.
"Kwashe," in ji shi, allura a leɓe,
"kin hutar da tsintsiyata."

Na wanke ƙyallayen ranar Talata.
Damina a Ikko ba ta san alkawari ba:
Juma'a ta zo suna ɗiga,
sai da na gasa su da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya,
ɗakin na warin gawayi da sabulu.

Ga guntun shadda ruwan toka,
ga atamfa mai kifaye, an yanke musu kawuna,
ga hannun rigar wani ɗan makaranta da ban sani ba.
Iya Risikat ta leƙo ta ga abin da nake,
ta koma ta dawo da leshi ruwan hoda,
ragowar bikin da ta ce har yau ana bin ta bashinsa.
Na sa shi a tsakiya, inda ido zai fara sauka.

Ba ni da keke, hannu gare ni.
In an ɗauke wuta, Ilu ya riƙe mini fitilar waya
har hannunsa ya gaji ya sauya,
janareton maƙwabta na tari ta bayan taga.
Kafar allura ta fara ɓoye mini bana.
Hansai ce ke zura zaren,
ba ta tambaya ba, ban faɗa ba.
Wani layin ya miƙe, wani ya yi tafiyar danfo,
na warware sau biyu, na uku na bar shi.

Dare goma sha ɗaya.
Babansu ya dawo daga mayanka, ya ari guduma.
Ƙusa ta farko ta lanƙwashe,
ta biyu ta ɓantaro siminti ya zuba cikin garin kwaki,
mai gida ya yi ta faɗa daga bene da harshensa.
Muka rataya.

Bai kai ƙasa ba.
Saura taki guda da yatsu uku,
ana hango ƙafafu har idon sawu.
Yaran suka fashe da dariya, Hansai ba ta yi ba.

Mutumin nan bai ce uffan ba, ya jawo akwati,
ya fito da kaftanin da ya shigo Legas da shi
a bayan motar shanu, shekara goma sha tara ke nan.
Wuyan ya cinye, amma jikin da sauransa.
Ya miƙo mini almakashi ta wajen mariƙi.

Na yanka, na haɗa, na kalmashe.
Aljihun na bar shi yadda yake,
can ƙasa, ta ɓangarenta.
Yanzu mataji ke kwana a ciki, da ɗan madubi,
da wata takarda da ban buɗe ba.

Ɗakin bai ƙaru da ko tafin hannu ba.
Amma jiya da magariba na ga Ilu
ya zo da gudu zai ɗauki ƙwallonsa,
ya ja birki gaban kifayen nan marasa kai,
ya tsaya, ya share hanci,
ya yi sallama.