Harsashi Uku

Harsashi uku Kawu Mato ya ƙirga mini a tafin hannu,
ya maida sauran cikin burgami.
Ya ce, "Baki tara ne a gidanmu,
tukunya ba ta san goma ba."

Mun isa tabkin Gidimuni kafin alfijir ya keto,
dabinai tsaye baƙi ƙirin kamar sahun masallata.
Ya nuna gabas da haɓa:
"Can masu rake ke ban ruwa.
Bakin bindiga ba ya gaida wannan gefen."

Sai ga kirinjijiya, garke guda,
suna fito kamar yaran da suka tsere wa aike.
Zuciyata ta riga idona.
Na harba cikin taro, ban zaɓi kowa ba.

Guda ta karkace, ta yi lilo a iska,
ta faɗa can cikin kacala.
Na ce, "Ta ɓace, Kawu. Ga wasu nan tafe."

Bai ɗaga murya ba.
Ya karɓe bindigar, ya jingine ta jikin giginya,
ya ce, "Kwaɓe rigarka.
Wanda ya karya fiffike, bashi ya ci."

Na shiga. Ruwa ya kai cibiya, ya kai ƙirji,
laka ta haɗiye takalmina na hagu,
matsattsaku suka yi kalaci a ƙwaurina.
Rana ta yi hantsi kafin in same ta
lafe a gindin ciyawa,
tana dubana da ido ɗaya,
ƙirjinta na bugawa cikin tafina
fiye da nawa.

Kawu ya fuskantar da ita alƙibla.
Wuƙarsa ba ta sa ta jira ba.

Ya sa na tsinci kwanson harsashin,
har da na wani da ya riga mu shekaranjiya.
A hanya ya ce, "In damina ta sauka,
suka shiga ƙwai,
ƙarfen nan sai rataya, a naɗe da tsumma.
Mai yanke saƙar bana
me zai shimfiɗa baɗi?"

Da azahar muka shigo Damagaram ta gefen duwatsu,
ni da takalmi guda,
tsuntsuwa guda,
harsashi biyu na karo da juna cikin aljihuna.

Kawu ya kwanta dama shekara bakwai ke nan.
Takardar izinina na cikin burgaminsa.
Jiya ɗana Lawali ya miƙo hannu,
na ƙirga masa uku,
na ce ya zo da rigar canji.