Abin da Tef Ya Auno

Hansatu, ɗauke yadin nan ki zauna,
ba kuɗin ɗinki na kira ki ki biya ba.
Shekara ashirin da uku ina taka keken nan a Gyaɗi-Gyaɗi,
babu irin ƙugun da tef ɗina bai zagaya ba.

Jiya Rumasa'u ta kawo leshi daga Kwari.
Na ce ta ɗaga hannu, ta ɗaga,
sai ta shanye ciki, ta ƙi numfashi.
Na ce, "Saki jikinki, 'yar nan, ba turmi nake aunawa ba."

Ta ce in sa mata ciko, soso biyu.
Ta miƙo waya: ga wata mai ƙirar kalangu,
wai likita ne ya ƙera ta.
Ita ma, in ji ta, tana zubi,
ɗari biyar-biyar, kuɗin tara,
wata huɗu ke nan ba ta ci komai a makaranta ba.

Shekararta sha shida.
Ni na ɗinka mata rigar suna.

Kada ki je ki ƙwace wayar.
Kada ki kai wa babanta maganar a gaban ƙannenta.
Zaren da aka fizga tsinkewa yake,
ni ban taɓa warware ƙulli da fushi ba.

Na tambaye ta wa ya fara cewa ba ta cika ba.
Na zaci za ta ce ƙawaye.
Ta ce a gida "Tsinke" ake kiranta,
kuma ke kika raɗa mata, ranar kamun Tabawa,
mata suka yi shewa, ke kika manta.
Ita ba ta manta ba.
Man nan kuma da ke bayan madubinki,
wanda kika ɓare takardarsa,
kada ki ɗauka ba ta san aikinsa ba.

Ba gori nake miki ba. Dubi gaɓoɓin yatsuna.
Ni ma na shafa, har yau ba su yafe mini ba.

Ki gaya mata abin da na sani:
in na ɓata yadi, Kwari na nan, gobe in sayo wani.
Fata fa, a wane layi ake sayar da ita?
Kuma yarinya mai tasowa, lanƙwasa nake bar mata a riga,
ba a yanke hukunci kan awon da bai tsaya ba.
In akwai inda ke mata ciwo da gaske,
ku tafi asibiti tare, ki zauna, ki yi tambaya,
ba wurin mai talla a waya ba.

Soson dai ban sa ba.
Na ɗinka rigar daidai ita.
Ku zo tare ranar Laraba bayan la'asar.
In ta sa, zan yi jinkirin ɗauko madubi,
ki riga shi magana.